Tafiyar jirgin ruwa zuwa gaɓar Norwe da Svalbard: wane wata, wane jirgi?

Hajiya_Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu huɗu ne, ni da maigida da 'ya'yanmu biyu da suka girma, muna shirin hutu ta jirgin ruwa a tekun arewacin Turai, kwana goma zuwa sha biyu. Muna son ganin koren hasken nan da ke fitowa a sama da dare, da ranar da ba ta faɗuwa, da farin beyar in Allah ya sa. Fasfon Najeriya gare mu. Wane wata ya fi, wane irin jirgi, kuma daga ina ake tashi?

Matuƙin_Teku:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abubuwa ukun nan ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya, gara ki sani tun kafin ki biya ko sisi. Koren hasken sai da duhu ake ganinsa, don haka lokacinsa daga ƙarshen Satumba ne zuwa ƙarshen Maris. Ranar da ba ta faɗuwa kuwa ta bazarar can ce: a garin Tromso da ke arewacin Norwe daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli rana ba ta ɓuya ko kaɗan, to ko hasken yana sama ido ba zai kama shi ba. Farin beyar babu shi a gaɓar Norwe sam, sai an haura tsibiran Svalbard, digiri 78 arewa, kuma jiragen can daga Mayu zuwa Satumba suke aiki, lokacin da ƙanƙarar teku ta ja baya. Rana da beyar suna iya haɗuwa a Yuni ko Yuli. Koren haske tafiyarsa daban. Ku tsayar da ɗaya tukuna, a kansa sauran shiri zai hau.

Abu_Hanan77:
In koren haske ne, hanya mafi sauƙi ita ce ta gaɓa, daga Bergen zuwa Kirkenes kusa da iyakar Rasha. Kamfanin Hurtigruten yana jigila a gaɓar nan tun 1893, kamfanin Havila kuma ya shigo a 2021, hanyarsu ɗaya. Tashoshi 34 ne, dare shida a zuwa, dare biyar a dawowa. Ba jiragen shaƙatawa zalla ba ne, suna ɗaukar kaya da mutanen gari daga wannan tasha zuwa waccan, shi ya sa a ƙananan garuruwa minti goma zuwa sha biyar kawai ake tsayawa. Kada kowa ya sauka a irin waɗannan da niyyar zaga gari, jirgin ba ya jiran mutum. Inda ake samun sa'o'i su ne irin su Trondheim da Bodo da Tromso da Honningsvag. Garin da aka wuce da dare a zuwa, galibi da rana ake biyo ta kansa a dawowa. Wanda ba shi da kwana sha biyu sai ya yi zuwan kaɗai, ya hau jirgin sama daga Kirkenes zuwa Oslo, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna.

Ɗan_Damagaram:
Ku fara da biza, jama'a. Wata da jirgi duk suna bayanta.

Lauyan_Hanya:
Gaskiyar Ɗan_Damagaram, nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Norwe tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke aiki a cikinsu. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Kamfanonin jirgi da yawa wata shida suke nema a fasfo, to a bi nasu. Ana karɓar takardar neman biza tun saura wata shida a tafi, kuma ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nema.

Ga tarkon: Svalbard ƙarƙashin Norwe take amma ba ta cikin Shengen. Ita kanta ba ta neman biza, sai dai jiragen saman da ke zuwa Longyearbyen, babban garinta, daga Oslo ko Tromso suke tashi. Da kin tashi zuwa can kin fita Shengen, dawowarki shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye tasa. A takardar nema a rubuta shiga biyu ko fiye, a haɗa da jadawalin jirgin ruwan. Jirgin da zai tashi daga Southampton kuma sai da bizar Ingila a kan ta Shengen.

Sadiya_M:
To Girinlan fa? Na ɗauka tunda ta Denmak ce bizar Shengen ta wadatar.

Lauyan_Hanya:
A'a Sadiya. Girinlan da tsibiran Faro duk ba sa cikin Shengen. Sai hukumomin Denmak sun rubuta a jikin bizar cewa tana aiki a can. Aislan ce ke ciki. A karanta jerin tashoshin jirgi ɗaya bayan ɗaya, domin ko ba ki da niyyar sauka a wata tasha, kamfani yana iya hana ki hawa tun ranar farko in babu bizarta, kuma ba lallai su mayar da kuɗi ba.

Matuƙin_Teku:
Maganar ɗaki. Yawancin hanyar gaɓa tsakanin tsibirai take bi, ruwa a kwance. Amma akwai wuraren da jirgi ke fita fili ya haɗu da igiyar teku kai tsaye: Stad bayan Maloy, Hustadvika tsakanin Molde da Kristiansund, Folda kafin Rorvik, Vestfjorden tsakanin Bodo da tsibiran Lofoten wanda ke cin kusan awa huɗu, sai gaɓar lardin Finnmark, can ƙarshen arewa, da ke fuskantar tekun Barents. Jirgi kamar sikeli yake, gaba da baya su ke hawa da sauka, tsakiya ba ta cika motsi ba. A nemi ɗaki a tsakiya, a benen ƙasa-ƙasa. Ɗakin sama na gaba ya fi tsada, kuma shi ya fi jijjiga mutum. A kuma duba taswirar jirgin, kada ɗakin ya zama dab da ƙofar loda kaya, don ana tsayawa a tasha ko ƙarfe uku na dare, ƙarar injin ɗaga kaya tana shiga har cikin ɗaki.

Injiniya_Bashir:
A Hustadvika ɗin nan ne jirgin Viking Sky ya rasa injinansa ranar 23 ga Maris 2019, da mutum 1,373 a ciki. Binciken hukumomin Norwe ya nuna baƙin man injin ne ya yi ƙasa a tankunansa, da igiyar ruwa ta riƙa karkata jirgin sai famfo ya ja iska, injinan suka kashe kansu. Sama da mutum 400 aka kwashe da jirage masu saukar ungulu kafin jirgin ya samu isa tashar Molde. Na kawo wannan ne don atisayen da ake yi kafin jirgi ya tashi. Gajerun ƙara bakwai da doguwa ɗaya ita ce alamar gaggawa. Kowa ya san wurin taruwarsa da inda rigar cetonsa take, kuma a ajiye rigar sanyi da takalmi da magani kusa da gado.

Nas_Rakiya:
Jiri da tashin zuciya: maganin kafin a shiga igiya yake aiki, in amai ya fara ƙwayar ba ta zama a ciki. Cinnarizine ana shan sa awa biyu kafin a shiga fili, yana sa barci. Akwai na mannawa a bayan kunne mai scopolamine, a manna tun sa'o'i kafin lokacin, yana kai kwana uku, amma yana busar da baki kuma bai dace da mai hawan jinin ido ba. A wanke hannu bayan an taɓa shi, in ya shiga ido gani yana dushewa. Citta tana taimaka wa wasu. Kada a zauna da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo. A bar kallon waya, a kalli can inda sama ta haɗu da ruwa. Jadawalin jirgi yana nuna lokacin isa kowace tasha, da shi za a lissafa sa'ar shan magani.

Malam_Sani_Gz:
Ba a taɓo sallah ba, ita ce kuwa tambayar farko ga mai zuwa a Yuni. Inda rana ba ta faɗuwa, sallah biyar tana nan a kowace awa 24, ana ƙaddara lokutanta ne. Hujjar malamai hadisin Dujal ne da ke cikin Muslim, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da yinin da zai yi tsawon shekara, ya ce a ƙaddara masa. Wajen yadda za a ƙaddara ne aka saɓa: wasu sun ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce a bi lokacin Makka. Masallacin Alnor da ke Tromso lokacin Makka yake bi a irin waɗannan makonni. Mutum ya riƙe hanya ɗaya, ya buga jadawalinta a takarda tun daga gida, domin manhajar waya takan rikice a can, ta nuna Isha'i da Asuba a haɗe ko ta bar gurbinsu babu komai. Ga kuma sauƙin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi.

Almajirin_Fiƙihu:
Allah ya saka, Malam. Gyara ɗaya: ƙasaru tana nan ga matafiyin teku, amma a mashhurin mazhabar Malikiyya rangwamen haɗa salloli saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Sauran mazhabobin da suka halatta haɗawa ba su raba ba. Kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Alƙibla kuma: daga Bergen kudu maso gabas take, wajen digiri 133, a Tromso ta ƙara karkata kudu, wajen 154. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin ɗaki, ƙarfen jirgin yana jan sa. Gara a duba taswirar da ke nuna inda jirgin ya dosa ko a tambayi ma'aikata. Mai iya tsayuwa ya tsaya, in igiya ta yi ƙarfi ya zauna.

Malam_Sani_Gz:
Na karɓi gyara. A lura kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Maris, daidai kakar koren haske. Yinin can gajere ne a Fabrairu, zuwa 20 ga Maris kuma ya zama kusan awa 12 kamar na gida.

Uwar_Kicin:
Abinci ba zai yi wuya ba, kifi ne ya fi yawa. Amma a sanar da kamfani a rubuce tun wajen biyan kuɗi cewa ba a cin alade da abin da aka dafa da giya. Abin da ke ɓoyewa shi ne giya a cikin miyar da ake zuba wa kifi, da ɗan soyayyen naman alade da ake barbaɗawa a kai, da gelatin, wanda ake yi da fata da ƙashin dabba, a kayan zaƙi. Kuma kada a ɗauki kilishi ko dambun nama. Doka ta hana shiga Norwe da nama ko madara daga wajen Turai, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Ɗan_Kasuwar_Kifi:
Tunda an zo kan kifi: busasshen kifin nan mai tauri da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda Inyamurai ke kira okporoko, yawancinsa daga Norwe yake zuwa, kuma Lofoten ce cibiyarsa. Kifin yana gangarowa daga tekun Barents tsakanin Janairu da Afrilu don ya yi ƙwai, a kama shi, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a manyan katakai ba gishiri, iska da sanyi su busar da shi har wajen Yuni. Kawunan daban ake shanya su, kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu. Mai wucewa ta Stamsund ko Svolvaer a Maris ko Afrilu zai tarar da katakan cike.

Abu_Hanan77:
Wannan ma yana cikin abin da ya sa na fi son Maris. Akwai yinin da za a ga duwatsu da dusar ƙanƙara, akwai daren da za a nemi haske. A Disamba kuɗin yakan sauka, amma a Tromso rana ba ta fitowa daga 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sai wani shuɗin haske na 'yan sa'o'i da tsakar rana. A daidaita tafiyar da ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, farin wata yana rage wa hasken kaifi.

Matuƙin_Teku:
Maris yana da kyau, amma ga wanda bai saba da sanyi ba ni ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba zan ce. Duhu ya dawo, sanyi bai kankama ba, tituna babu santsi. Aibinsa ruwan sama da gajimare, kuma gajimare shi ne ke hana ganin hasken fiye da komai. A kowane wata na hunturu iska tana iya sa a tsallake ƙananan tashoshin Finnmark irin su Berlevag da Mehamn. Zuwa Nordkapp ma, tsinin arewa da ake zuwa kallo, kilomita 34 a mota daga Honningsvag, a hunturu motoci a jere suke bin bayan motar share ƙanƙara, in iska ta tashi a rufe hanyar.

Tela_Mai_Ulu:
Kaya. Hawa uku ake yi. Na jikin fata ya zama ulu mai laushi, riga da wando. Auduga ba ta da amfani a nan, tana shan gumi ta riƙe, da an tsaya sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a jiki. Na tsakiya suwaita mai kauri. Na waje riga da wandon da iska da ruwa ba sa ratsawa, da hula a jikin rigar. Safar hannu biyu: siririya mai yatsu a ciki, a ɗora mai dunƙule yatsu wuri ɗaya, ita ta fi riƙe ɗumi. Takalmi ya ɗara ƙafa da lamba ɗaya don safar ulu ta shiga ba matsi, matsattsen takalmi yana hana jini gudu. A sayi robar nan mai ƙusoshi da ake ɗaura wa ƙasan takalmi saboda santsi, a cire kafin a shiga jirgi. Mata su sa hular ulu a ƙarƙashin hijabi, doguwar riga kuma kada ta ja ƙasa a kan matakala mai danshi. Gaɓar ba ta kai sanyin da ake zato ba saboda ɗumin ruwan da ke zuwa daga Atlantika: Tromso a Janairu wajen digiri 4 ƙasa da sifili ne, Kirkenes kuwa tana iya wuce 20 ƙasa da sifili. Amma jirgin yana gudun kusan kilomita 28 a awa, iskar saman bene tana ƙara wa sanyin cizo sosai.

Mai_Hoto_Kn:
Sanyi yana zuƙe batir, a ajiye na biyu a aljihun ciki. Kafin a shiga ɗaki daga waje a sa kyamara a leda a ɗaure, a bar ta awa ɗaya, in ba haka ba raɓa ta kwanta har cikin gilashin. A jirgi mai tafiya ba a barin idon kyamara a buɗe fiye da daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sai a ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamarar, zuwa 3200 ko sama. Ido yakan ga hasken fari-fari kamar hayaƙi in ba shi da ƙarfi, kyamara ce ke fito da korensa. Layin waya kuma: in jirgi ya yi nisa da tudu waya tana iya kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai tsadar gaske, a kashe data. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, na Najeriya sai da adafta, 'yan Nijar nasu zai shiga.

Hajiya_Ummi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da ban faɗa ba, ƙaramar tana da sikila, shekararta 19. Wannan zai canza lissafin?

Nas_Rakiya:
Ƙwarai kuwa Hajiya. Sanyi da iska da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma a sanyi mutum ba ya jin ƙishi sai ya manta da sha. Likitanta ya fara gani kafin a biya komai, ya ba da takarda da Turanci mai bayanin ciwon da magungunanta. Masu ƙarfi irin su tramadol da codeine ba a shiga da su sai da takardar likita, a cikin kwalinsu na asali, a jakar hannu. A bayyana ciwon ga kamfanin inshora, wanda aka ɓoye ba sa biya. Jiragen gaɓa ba su saba ɗaukar likita ba, amma suna bi ta garuruwa masu asibiti: Alesund, Trondheim, Bodo, Tromso, Hammerfest, Kirkenes. Jiragen Svalbard suna da likita, sai dai asibitin Longyearbyen ƙarami ne, babban ciwo sai an kai mutum Tromso ta sama, kuma jirgin yana iya kasancewa can bayan tsibirai. Ni hanyar gaɓa a Yuni ko Yuli zan ba ku shawara.

Ɗan_Damagaram:
Svalbard ɗin ma ba kamar da ba. Tun 1 ga Janairu 2025 jirgi mai fasinja sama da 200 ba ya shiga yankunan da aka keɓe, wuraren sauka a cikinsu an taƙaita su zuwa 43, kuma dole a bar tazarar mita 300 tsakani da beyar, 500 daga Maris zuwa ƙarshen Yuni. Sai da madubin hangen nesa. Sauka kuma a kwalekwalen roba ake yi, ana taka ruwa da doguwar takalmin roba, a Yuli ma matsakaicin zafin wajen digiri 7 ne kawai.

Abu_Hanan77:
In bazara ce, ribarta Geirangerfjord, lungun tekun da ke tsakanin duwatsu wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2005. Jiragen gaɓa suna shiga daga Yuni zuwa Agusta. Trollfjord ma ana leƙawa in yanayi ya yi kyau, bakinsa mita 100 ne kacal. Amma ɗakuna suna ƙarewa da wuri kuma lokacin ne ya fi tsada. A isa Bergen kwana ɗaya kafin tashi, don jakar da ta maƙale a hanya ta samu ta iso. Rigar ruwa dole ce, Bergen tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara.

Matuƙin_Teku:
Ban cire ƙarshen Satumba ba tukuna. In likita ya yarda, a lokacin gaɓar kudu ba ta cika sauka ƙasa da sifili ba, kuma ana sanar da fitowar hasken ta lasifika, mutum ya fita minti biyar ya koma ciki. Hajiya, me likitan yakan ce game da ita a lokacin hunturun gida?

Hajiya_Ummi:
Yakan ce ta rufe jiki sosai, ta yawaita shan ruwa, kada ta yi wanka da ruwan sanyi. Muna da ganinsa mako mai zuwa, zan kai masa watannin biyu, Yuli da ƙarshen Satumba. Lauyan_Hanya, in mun bar Svalbard, bizar shiga sau ɗaya ta isa ke nan?

Lauyan_Hanya:
Ta isa, muddin jirgin bai fita gaɓar Norwe ba, kuma jirgin samanku bai bi ta Landan ba, inda maganar bizar Ingila ke shigowa. Amma ku nemi kwanakin bizar su ɗara na tafiyar da biyu ko uku, saboda jinkirin da iska ke jawowa.